Man Dattijo da Igiyar Inna Kulu

Alhamis ta uku ke nan a jere da Habsatou ta shigo Malanville tana tura babur, maimakon babur ya ɗauko ta. La'asar ta yi sanyi, amma farar rigar aikinta ta jiƙe sharkaf da gumi. Akwatin kayan awon ciki na rataye a kafaɗarta, buhun albasa na ɗaure a bayan babur, an lulluɓe shi da tsohon zane. Hanyar gida kuma ba ta da wata sai ta bakin kasuwa, inda 'yan dako da masu jiran motocin Gaya ke zaune a inuwa, ba su da sana'a a wannan lokaci sai kallon mai wucewa.

"Madam, sannu da tuƙi!" in ji ɗaya daga cikinsu. "Yau ma doki ne ya hau mai shi?"

Habsatou ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsaya, ta share goshi da bayan hannu, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Shi tsoho ne, ya gaji. Ku da ba ku tura komi ba tun safe, mi ya zaunar da ku?"

Aka kwashe da dariya, har wanda ya yi maganar. Ta ci gaba da turinta, ƙafa na zafi, wuya a miƙe.

Ita ce 'yar marigayi Na-Allah mai goro, yarinya ta farko a unguwarsu da ta ƙare lakwal, wato makarantar boko, har ta tafi Kutonu ta koyo aikin ungozoma. Ta dawo gida a shekarar 1977, zamanin da kowa ya zama kamarad, daga mai gadi har kwamandan jandarma. Da aka ce ana so wani ya riƙa zuwa ƙauyen Garu duk Alhamis yana duba masu ciki da jarirai, asibiti ba ta da mota. Habsatou ta shiga zauren gidansu ta jawo babur ɗin mahaifinta, wanda ya saya hannun wani Bature mai aikin gada tun kafin a sami mulkin kai. Baƙi ne, mai faɗin tanki, ga tari in an tada shi da safe. Tun tana ƙarama ake kiransa Dattijo. Wata shida suna zuwa Garu suna dawowa lafiya lau, sai a makonnin nan ya tsiro da sabon hali: mai ya ƙare masa a tsakiyar gonakin shinkafa, gari na hango su suna hango gari.

Da safiyar Juma'a Majo Amadu, babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da asibitin, ya kira ta ofis. Mutum ne mai sanyin murya, mai son komai ya tafi a kan layi.

"Kamarad Habsatou, lita biyu nike ba ki. Lita biyu na kai mutum Garu, ta maido shi, har a rage na kunna wuta. To ina yake tahiya?"

"In na sani, Majo, da ban tura shi ba."

"Mutane sun fara magana. Wasu na cewa saidawa kike yi a hanya. Ni ban yarda ba. Amma wasu na cewa ƙarfe ba abin mace ba ne, kuma su ban da amsar da zan ba su." Ya gyara tabarau. "Alhamis mai zuwa in kika dawo da ƙafa, Sha'ibu zai karɓi Garu. Keke gare shi, keke ba ya shan mai."

Sha'ibu mai yin allura ne, mutumin kirki, ba ta da abin faɗa a kansa. Amma Habsatou ta san matan Garu. Ba wadda za ta kwanta a tabarma ta sassauta zane a gaban namiji, ko da sama za ta faɗo. Za su gaishe shi, su ba shi ruwa, su ce kowa lafiya. Ga kuma Safi matar masunci, wata takwas, ɗan cikinta ya kwanta a gicciye, Habsatou na lallaɓa shi mako-mako ko zai juyo da kai ƙasa.

"Na ji, Majo," ta ce. "Ka ajiye mani lita biyuna."

Daga nan ta tura Dattijo rumfar Mahamadu makanike. Mahamadu ɗan kawunta ne, wato taubashinta, don haka tun suna yara ba a taɓa jin kalma mai daɗi tsakaninsu ba, kuma ba a taɓa ganin ɗaya cikin wahala ɗayan na zaune ba. Ƙato ne, tumbinsa na riga shi shiga rumfa.

"Ga baiwata ta kawo tsohon mijinta," ya ce, yana goge hannu. "Habsatou, sau biyu ina duba wanga ƙarfe. Na canza tiyo. Na wanke karbirato har na ga fuskata a ciki. Ba ya yoyo. Ke ce dai ba ki iya murɗa hannu ba."

"Bawa ba ya gardama da uwar gijiyarsa. Kawo mani toka."

"Toka? Tuwo za ki yi mashi?"

"Rariya ma nike so."

A makarantar Kutonu an koya mata cewa kafin a ba da magani sai an san inda ciwo yake, da lokacin da yake tashi. A gida kuma ta ga yadda tsofaffi ke gwada sabuwar randa: a cika ta da ruwa, a shafe bayanta da toka, duk inda toka ta yi duhu nan tsaga take. Ta sa Mahamadu ya zuba mai rabin tanki. Ta goge Dattijo tas da tsumma, sannan ta tankaɗe toka ta barbaɗa a gindin tanki, da kan robine, wato ɗan famfon tagulla da ke sakin mai daga tanki, da tsawon tiyo har zuwa karbirato. Dattijo ya yi furfura kamar sunansa. Suka zauna suna jira, Mahamadu na cin gyaɗa, masu wucewa na leƙe.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Toka na nan fara fat, ko ɗigo.

"To, likita," in ji Mahamadu, "majinyacinki lafiya ta ishe shi."

"A tsaye lafiyarshi lau. Jiya kafin in baro Garu na leƙa tanki, abin da ya rage ya fi lita guda. Wajen zuwa ba ya zubarwa. Ciwon na dawowa ne."

"Wajen dawowa kaya kike ɗaukowa. Nauyi ne. Tsoho in ya ɗauki kaya dole shi sha ruwa."

Habsatou ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan tumbin.

"Buhun albasa nawa ke cikinka, Mahamadu?"

Ranar Asabar mutanen Malanville suka ga abin da suka daɗe suna ba da labari. Habsatou a gaba, kallabi ɗaure tam, Mahamadu a baya ya rungume ƙarfen kujera yana salati, Dattijo na nishi a ƙarƙashinsu. Ta bi da shi hanyar gonakin shinkafa, ba ramin da ta kauce wa. Kafin su tashi ta tsoma kara a tanki ta yi masa alama da farce. Da suka dawo ta sake tsomawa. Abin da ya ragu bai wuce abin da tafiyar ta ci ba.

"Ka gani? Ka fi buhu uku, bai zubar ba. Ba nauyi ba ne."

"To aljanun Garu ne," in ji Mahamadu, yana dafe da ƙugu. "Ni dai kin kashe mani baya. Ki gaya wa uwarki, Gwaggo Marka, a aiko mani da man shafawa."

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Habsatou na aiki a ɗakin haihuwa, hannunta na kan mata, hankalinta na kan tanki. Mene ne ke faruwa a hanyar dawowa da ba ya faruwa a hanyar zuwa? Rana ce? Ai ranar Asabar ma da rana suka fita. Sata ce? A ƙofar Inna Kulu take ajiye babur, kuma wanda zai taɓa abu a ƙofar Inna Kulu ba a haife shi ba tukuna, domin ita ce tsohuwar ungozomar Garu, rabin garin ita ta yanke wa cibi.

Ranar Talata da hantsi, tana hutu a gida, ta zagaya bayan madafa neman tsohon buhu da za ta shimfiɗa. Nan wani wari ya tare ta, warin da ta kwana biyar tana nema. Ta ɗaga wata tabarma da aka jingina a bango. Albasa ce tuli, an baza ta a ƙasa nesa da murhu, ga busasshen kifi a gefe ko kuliya, kyanwar gidan, ba ta taɓa shi ba, ga buhuna uku a ninke. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Esansi, man babur, kamar an wanke shi da shi.

"Inna!"

Mahaifiyarta, Marka, ta fito da muciya a hannu. Da ta ga inda 'yarta ke tsaye sai ta kau da kai, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Inna, kayan Garu ne wannan?"

"Su ne."

"Mako uku? Albasar da muke ci fa?"

"Ta kasuwa ce. Na saya."

"Mi ya sa ba ki gaya mani ba? Kina gani ina tura ƙarfe kamar jaka!"

"In gaya maki mi?" Marka ta ɗaga muciya. "Kyautar haihuwa ce. Wanda ya ce kyautar haihuwa na wari, jinjirin ya zaga. Ni ba a ji ta bakina. Na ce ko a shagon mai suka ajiye buhunansu, mi ya kai ni tona asirin mutane?"

Habsatou ta zauna a kan turmi, dariya na neman ƙwace mata. A Garu, duk gidan da aka sauka lafiya sai sun haɗa wa ungozoma abin da gona ko kogi ya bayar. Ba a ƙi. Ba a kuma kallo: mai karɓa juya baya take yi har a gama ɗaurewa a lulluɓe, don kada a ce ta raina ko ta yi kwaɗayi. In ta iso gida ma ba ita ke kwancewa ba, sai babba. Wata shida na farko matan gidan da aka haihu ne ke ɗaura mata a kujerar baya. Amma mako uku da suka wuce wani ƙullin shinkafa ya faɗi a hanya, labari ya koma Garu, Inna Kulu ta yi rantsuwa cewa daga ranar ba mai ƙara ɗaure kayan Madam sai ita.

"Inna, igiyoyin fa?"

Marka ba ta zubar da igiya. Ta ciro su daga saƙon bango, igiyar taru ce ta auduga, irin ta masunta. Kowace ɗaya rabinta ya yi duhu, ya yi maiƙo.

"Wajen kwancewa, ina kike samun bakinta?"

"Ni na san sunayen kayan cikin ƙarfen ubanki? Can gaba, ta dama. Wajen ɗan kunnen nan mai ƙyalli."

Habsatou ta aika aka kira Mahamadu. Kafin ya iso ta fito da Dattijo tsakar gida, ta durƙusa a damansa. Robine na nan ƙarƙashin tanki, ɗan tagulla mai wuya da kai, ya fito kamar turke. Tun zamanin mahaifinta ya ƙage a buɗe, ba mai taɓa shi. Ita kuwa ta hagu take hawa, ta hagu take sauka, ta hagu take turawa. Wata shida da mako uku ba abin da ya kai idonta wannan gefen a hanya.

Ta sake barbaɗa toka. Ta zarga igiya a wuyan robine, ta bi da ita ƙarƙashin kujera zuwa baya, ta miƙa wa Mahamadu bakin.

"Kai ne buhu. Ja, ka saki. Ja, ka saki. Kamar muna faɗawa rami."

"Ran Asabar ni ne kaya, yau ni ne buhu. Allah ya isa tsakanina da ɗiyar gwaggo."

Ya ja. A ja na huɗu, toka ta fara duhu a daidai inda robine ya shiga tanki. Duhun bai gangara ƙasa ba. Igiya ce ta shanye shi, ya bi ta sannu a hankali kamar yadda mai ke bin lagwanin fitila, ya nufi baya inda buhu ke zama. Da Mahamadu ya saki, robine ya koma mazauninsa, yoyo ya tsaya cak.

Mahamadu ya saki baki. "Shi ya sa ba ya ɗiga a ƙasa. Albasa ke sha!"

"Inna Kulu ma matar masunci ce," in ji Habsatou. "Duk abin da za ta ɗaure, sai ta nemo mashi turke a gaba, kamar jirgi a bakin ruwa. Ta duba duk jikin Dattijo, ba ta ga turken da ya kai wannan kyau ba."

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Suka juye man a kwano, Mahamadu ya kwance robine. Ɗan zoben da ke toshe tsakaninsa da tanki ya tsufa, ja ya ƙarasa shi. Habsatou ta yanko sabo daga fatar tsohon takalminta na makaranta, aka mayar aka ɗaure tam. Suka sake toka, suka sake ja, fari ya zauna fari.

"Saura ki gaya wa tsohuwa ta bar maki kunnen babur," in ji Mahamadu. "In ta ci gaba da ja, wata ɗaya ba ya kai."

"Kul!" in ji Marka. "Ki ce da Kulu ɗaurinta ya ɓata kyauta? A gaban matan da ta yi wa wankan jego? Ta bar fitowa tarbarki, in ta bar fitowa kuwa ba macen da za ta fito."

Wannan gaskiya ne, Habsatou ta sani. Ba don Inna Kulu ta kama hannunta ranar farko ta shiga da ita gida-gida ba, da har yau a bakin zaure take tsayawa da takardar shaidarta. Ta juya igiya a yatsa. Can ta ɗago.

"Mahamadu, kana da zoben ƙarfe? Babba, wanda igiya biyu za ta shiga. Ka liƙa mani shi nan, a ƙashin babur, nesa da tanki. Ka goge shi har shi yi ƙyalli."

Alhamis ta zo. Majo Amadu da kansa ya auna lita biyu ya zuba. A Garu Habsatou ta auna jarirai bakwai, ta duba masu ciki biyar. Da ta ɗora hannu a cikin Safi, ta lalubo sama, ta lalubo ƙasa, sai ta ji ƙwallon kai ya sauko inda ake son sa. Ta ce da ita, "Ɗanki ya ji magana." Matan da ke ɗakin suka rangaɗa guɗa.

Da lokacin tafiya ya yi, aka fito da buhun albasa da ƙunshin kifi daga gidan da aka yi suna. Inna Kulu ta taho da igiyarta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, hannuwa kamar saiwar itace. Kafin ta sunkuya, Habsatou ta durƙusa a gabanta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Inna Kulu, tun da kika karɓi ɗaurin kayana ko albasa ɗaya ba ta faɗi ba. Ban da abin da zan ba ki tukuici. Sai na sa aka ƙera maki turkenki na kanki a jikin Dattijo. Ga shi. Ba mai ɗaura igiya a nan sai ke."

Mata suka matso suna kallon zoben, suna tafa hannu. Tukuici kuwa dokarsa ɗaya da kyauta: ba a ƙi, ba a kushe. Inna Kulu ta sa yatsa a zoben ta ja, ta ji bai motsa ba.

"To, juya baya, ɗiyar lakwal."

Habsatou ta juya. Amma ta tsaya a gaban babur ta gefen hagu, inda madubin Dattijo ke nuna mata komai. Ta ga hannun tsohuwa ya ɗauki igiya, ya wuce zoben, ya nufi robine kamar yadda ya saba. Hannun ya tsaya. Inna Kulu ta shafa sabuwar fatar da ta leƙo a wuyan tagullar, ta kai yatsanta kusa da hanci, ta ji warin mai. Sannan ta dawo da igiya ta zarga a zobe, ta yi ƙullinta na masunta, ta lulluɓa zane.

Da ta miƙe, sai idonta ya faɗa cikin madubi, ya haɗu da na Habsatou.

"Madubi ma ido ne," in ji tsohuwa ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Mako nawa uwarki na cin albasar kasuwa?"

"Uku, Inna."

"Ki ce da Marka ta iya bakinta. Wannan ta ci ta da daɗi." Ta buga kujerar babur da tafin hannu, ta ɗaga murya. "Turken ya yi. Na da ya fi shi kyau, amma ya yi. Allah shi kiyaye hanya."

Dattijo ya ratsa gonakin shinkafa yana tari yana tsalle, ya wuce gindin giginyar da ya saba mutuwa bai ko waiwaya ba. A bakin kasuwa 'yan dako na nan inda ta bar su makon jiya. Habsatou ta rage gudu, ta matsa oda sau biyu.

"Sannunku da zama!" ta ce, ta wuce.

Majo Amadu na tsaye a barandar asibiti, Sha'ibu na gefensa da kekensa. Ta kashe babur a gabansu, ta buɗe tanki, ta tsoma kara, ta miƙa wa Majo. Ya ɗaga shi sama ya duba. Ya jiƙe fiye da faɗin yatsu biyu.

"To mi ke damunshi, kamarad?"

Habsatou ta dubi buhun da ke lulluɓe a baya. In ta faɗi gaskiya duka, gobe takarda za ta fito a hana karɓar kyauta a bakin aiki, matan Garu kuma su ji labarin dalili.

"Ciwon kunne ne, Majo. Irin na tsufa. Na yi mashi magani."

Majo ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi karan, ya mayar mata.

"Alhamis mai zuwa, lita biyu," ya ce.

Sha'ibu ya sauke ajiyar zuciya, ya ce shi dama gwiwarsa ba ta son hanyar Garu. Habsatou ta taka Dattijo, ya tashi a bugu ɗaya. Ta biya ta rumfar Mahamadu ta gaya masa ya zo cin tuwo, yau da albasar Garu za a yi miya, amma ya taho da cokalinsa, gidansu ba a ba bawa cokali.